Abin Da Ke Ƙarƙashin Tayil Ɗinka

Duk wanda ya zaga sababbin unguwanninmu, daga Kano zuwa Kaduna har Sakkwato, zai ga gidaje masu ƙayatarwa, amma idan ya sunkuyar da kai zai tarar gindin bango ya yi jirwaye, fenti na ɓarewa, wani farin gishiri na tsattsafowa daga filasta. A ciki kuwa sai ka taka tayil ka ji yana amsa kuwwa kamar ganga. Mukan ɗora laifin a kan mai fenti ko mai sa tayil, alhali ɓarnar ta auku tun watanni kafin su zo, ranar da aka yi ciko aka zuba kankare.

Ni a ganina, babu wurin da mai gini a ƙasar nan ya fi yi wa kansa sakiyar da ba ruwa irin ƙasan ɗaki. Muna kashe miliyoyi a kan ƙofa da silin da fitilu domin ido na ganinsu, amma abin da za a binne sai mu bar wa birkila da leburori su yi yadda suka ga dama. Ga shi kuwa kwano ana iya sauya shi, fenti ana iya sabunta shi, amma ƙasan ɗaki ba ya gyaruwa sai an fasa.

Ƙasan ɗaki hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da aikinsa. Da farko a kwashe baƙar ƙasar sama mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye. Sannan a yi ciko da burji ko jar ƙasa, kimanin inci 6 a kowace zuba, a yayyafa ruwa a daddaɓe da inji kafin a ƙara wata. Tifar da aka juye gaba ɗaya aka baje da shebur, ita ce ke lotsawa bayan damina biyu. A kan cikon a jera fasassun duwatsu inci 6, a rufe su da yashi inci 2 don kada su huda leda, a yi feshin maganin gara. Sai leda mai kauri, wadda ake ɗora bakin wata kan wata da aƙalla inci 6, a kai ta har cikin bango. Ita ce ke tare danshin da ke hawowa ta ƙananan kafofin kankare da bulo, yana ɗauke da gishirin ƙasa. Daga nan sai kankare inci 4 zuwa 6, kwanon siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, da ragar ƙarfe inda ƙasa ba ta da tabbas, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7. A ƙarshe a yi shafen siminti inci 2, sannan tayil.

Mai karatu ya tara waɗannan, zai ga sun kai inci 14 ko fiye, ban da ciko. Shi ya sa dole a tsara su a takarda tun kafin a haƙa harsashi, domin su ne ke yanke tsayin ƙofa, da matakalar shiga, da gangaren banɗaki, da hanyar bututun ruwa. A kuma auna tsayin ɗaki da titi da kwata, kada a auna shi da filin yadda yake yau, domin duk lokacin da aka gyara hanya ɗagawa take yi, gidan da aka gina daidai da ita sai ya koma rami. Tun ran gini, ran zane.

Akwai kuma wata sabuwar yayi da nake son jan hankali a kanta. Wasu 'yan bokonmu kan samo zanen gidajen Jamus ko Ingila, su ga an shimfiɗa allunan soso mai tauri, irin wanda ake tokare firji da shi a kwali, ƙarƙashin kankare, su ce su ma sai an sa musu. Can ƙasa ce ke tsotse ɗumin da suka saya da tsada a lokacin hunturu, don haka suke raba ɗaki da ita. Mu nan akasin haka ne. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Kano, ƙasar da ke ƙarƙashin gida ta fi iskar rana sanyi, shi ya sa yaro da babba ke neman kwanciya a kan siminti. Wanda ya sa soso a nan ya biya kuɗi ya kori sanyin da yake samu kyauta. In ban da wurare masu sanyi irin Jos da tsaunin Mambila, kuɗin tare zafi a rufi ya kamata a kashe shi, tsakanin kwano da silin, inda rana ke dukanmu.

Magabatanmu sun fahimci wannan. Sun yi kaurin rufin soro da azara da ƙasa, sun ɗaga dokin ƙofa, mata kuma sun yi daɓe da tsakuwa da ruwan makuba, suna bugu da madaɓi har sai ya yi tauri. Wato sun tare zafi daga sama, sun daddaɓe ƙasa daga ƙasa.

Haka kuma ba kowace ƙasa ce ɗaya ba. Baƙar lakar yankin Dikwa da Ngala da Numan tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana iya ɗaga kankare ta fasa shi, don haka gini a can sai da gwajin ƙasa da shawarar injiniya. Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, amma ba kundi ne zai tsaya a filinka ba.

Shawarata ga mai shirin gini ita ce, ya nemi zanen da ya nuna kowane hawa da kaurinsa, sannan ranar shimfiɗa leda da zuba kankare ya bar ofis ya je da kansa. Kuɗin leda bai kai na tayil ɗin ɗaki guda ba, amma rashinta na iya sa a fasa gidan duka.