Tubali da Fallen Kankare: Inda Ƙarfin Bango Yake

Sa'ad da tafkin Kainji ya cika a 1968, an ta da ƙauyuka da yawa na ƙasar Yawuri, har da na Ngaski, aka zaunar da mutanensu a gidajen bulo. A bakin jama'a kuwa, ginin siminti shi ne gini mai ƙarko. Wannan zance yana bukatar gyara.

Akwai wani irin bango wanda akan zuba kankarensa a masana'anta, falle-falle, da rodi a ciki, sa'an nan a kawo a kafa. Dabarar ba baƙuwa ba ce, gama tubali ma curawa ake yi, a shanya, kana a jera. Kowane magini ya sani, in ƙasar da ke tsakanin tubala ba ta kama ba, bango ba ya daɗewa.

Girgizar ƙasa takan tura gini gefe da gefe, saboda haka mahaɗa ce ke fara shan wuya. Ran 7 ga Disamba 1988 ƙasa ta girgiza a Armeniya, mutum wajen 25,000 suka hallaka. A birnin Leninakan, benayen da aka harhaɗa da ginshiƙan kankare masu raunin mahaɗa suka zube. Amma waɗanda aka yi da manyan fallayen bango, aka ɗaure rodinsu da juna, aka cike tsakani da kankare, suka tsaya.

Kada a ce abin ya yi mana nisa. An ji motsin ƙasa a Kwoi a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibansa cewa ƙarkon bango yana ga ɗaurinsa.