Maraƙin Ɓauna Abinci Yake Nema Kafin Sinadarin Girma

Indiya kaɗai tana da ɓaunar gida fiye da miliyan 100, kuma naman da take turawa Masar da Malesiya da Biyetnam na ɓauna ne. A can, kamar a Pakistan da Masar, don nono ake kiwon wannan dabba, domin maiƙon nononta ya kusa ninka na saniya. Wannan ne ya sa maraƙi namiji ya zama marainin wayonsa: a bar shi ya ɗan tsotsa har nono ya sauko, sai a janye shi a tatse sauran a kai kasuwa. Da yawa zawo da tsutsar ciki ke kashe su tun ba su kai ko'ina ba. Yau ana kwaɗaitar da makiyaya cewa sinadarin ƙara girma zai mai da waɗannan maruƙa dukiya. A ganina an fara gini ne daga rufi.

Sinadarai irin su zeranol da trenbolone ƙwayoyi ne ƙanana da ake cusawa a ƙarƙashin fatar bayan kunne, su riƙa narkewa a hankali na tsawon watanni. Aikinsu shi ne su sa jiki ya juya abin da aka ci ya zama tsoka maimakon kitse. Saboda haka sai an ci ne suke da amfani. Maraƙin da bai sha dakashi ya ƙoshi ba, wanda ke tauna busasshiyar tattakar shinkafa, cikinsa cike da tsutsa, ba shi da abin da sinadari zai sarrafa.

Masu goyon bayan waɗannan sinadarai suna da hujja mai nauyi. Amurka ta shafe shekaru da dama tana amfani da su a shanu, kuma a 1995 hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta tsayar da iyakar ragowar da ta yarda a samu a nama. Amma wannan amincewa da sharaɗi take: awo daidai, a kunne kaɗai, a jefar da kunnen a mayanka, a riƙa gwada nama. Wa zai tabbatar da haka a kasuwar ƙauye, inda ake sayen magani ba takardar likitan dabbobi? A 1990 mutane fiye da ɗari sun kamu da rawar jiki da bugun zuciya a Sifaniya bayan cin hantar shanun da aka ba clenbuterol, wani maganin ƙiba da ake bayarwa a ɓoye. Tarayyar Turai kuwa tun 1989 ta rufe ƙofarta ga naman da aka kiwata da sinadarin girma.

Don haka kuɗin da za a zuba a sinadari gara a fara zuba shi a madarar maruƙa, maganin tsutsa, rigakafi, da rancen sayen dusa. Ƙasar da ba ta da ɗakin gwajin da zai iya gano ragowar magani a hanta ba ta kai matsayin halatta sinadarin girma ba tukuna.