Katin Ya Shiga, Kwamfutar Ta Yi Shiru

Yawancin masu kawo mini tsohuwar laftof ba sha'awar kayan da ce take kawo su ba. Wani abu ne ya maƙale musu a ciki. Wani kundin digirinsa ne da ya buga tun 1999, wata kuma littafin mahaifinta ne da aka rubuta da Rabi'at, ɗaya daga cikin samfuran haruffan da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990 domin Bahaushe ya sami ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta. Na'urar tana tashi lafiya lau, rubutun ga shi nan a allo, amma babu hanyar fitar da shi. Ba ta gane filashi, fulofinta ya daina karatu, intanet kuwa ba a ma zancensa.

Da IBM ThinkPad 600E nake gwada kusan komai, baƙar laftof ta ƙarshen shekarun 1990 mai Pentium II da Windows 98. Ƙofar USB ɗaya tak gare ta, amma a gefenta akwai ramuka biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ake zura kati. A zamaninta ta nan ake ƙara wa laftof duk abin da ba a yi ta da shi ba: modem, wayar sadarwar ofis, sauti, ma'ajiya. Kafin a kai ga kati, sai an tabbatar ta tashi. In ta nuna lamba 161 da 163 ta tsaya cak, ba mutuwa ta yi ba. Ɗan batirin agogonta ne ya ƙare, wani mai kama da kwabo da 'yan wayoyi biyu. A canza shi, a saita kwanan wata, shi ke nan.

Katin nan sunansa PCMCIA, sunan ƙungiyar kamfanonin da suka haɗu a 1989 suka tsara shi, daga baya aka taƙaita zuwa PC Card. Tsawonsa da faɗinsa daidai da katin ATM ne, milimita 85.6 da 54, bakinsa kuma da 'yan huji 68 da suke hawa kan allurai 68 a can cikin ramin. Kaurinsa iri uku ne: milimita 3.3, da 5, da 10.5. Na tsakiyar shi ya fi yawa, mai kaurin kuwa yakan cinye ramukan biyu shi kaɗai.

Inda mutane suke asarar kuɗi shi ne a nan: katuna biyu za su zo da kama ɗaya, alhali ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai tsohon mai bit 16, akwai kuma CardBus mai bit 32 da ya fito a 1995. Ana gane CardBus da wani zirin ƙarfe ruwan zinariya a saman bakinsa, mai 'yan ƙuraje takwas. Ramin CardBus yana karɓar tsohon kati, amma tsohon rami ba ya karɓar CardBus. An ma yi wa gefen katin wani tsagi da gangan don kada ya shiga, saboda shi da wuta bolt 3.3 yake aiki, tsohon ramin kuwa yana iya ba shi 5. Na sha ganin laftof ta zamanin 486 da aka danna mata kati da ƙarfin tsiya har alluran suka lanƙwashe. Miƙe su aiki ne na tocila da hantsaki da haƙuri, kuma in ɗaya ta karye magana ta ƙare. In kati ya ƙi shiga da ɗan turi kaɗan, a zaro shi a duba, watakila ma a kife aka sa shi.

To, a ce ya shiga. Kasa kunne. Windows 98 takan yi 'yar ƙara mai hawa sama in ta karɓi katin, in kuwa ba ta san shi ba sai ta yi guda ɗaya mai kauri, ta buɗe taga tana neman direba, wato 'yar manhajar da take koya mata yadda za ta yi magana da katin. Direban yana kan fulofin da ya ɓace shekaru ashirin da suka wuce. Ana samunsa a intanet, amma katin da zai kai ka intanet ɗin shi ne yake jiran direban. Mabuɗin ɗaki ne aka kulle a cikin ɗakin.

Shi ya sa nake cewa katin farko da ya kamata mutum ya nema shi ne wanda kowa yake rainawa: adaftar CompactFlash. CompactFlash katin ajiya ne da SanDisk ya fitar a 1994, masu ɗaukar hoto da manyan kyamarori sun san shi sarai. An gina shi a kan tsarin PCMCIA ne, don haka adaftar tasa ba ta da wata dabara a ciki, wayoyi ne kawai suke kai huji 50 zuwa 68. Windows 95 da 98 suna kallonsa a matsayin faifan ajiya irin na IDE, kuma direbansa yana cikinsu tun asali. Sai ka nemi ƙarami, mai megabayit 512 ko gigabayit ɗaya, ka tsara shi da FAT, domin Windows 98 ba ta karanta NTFS balle exFAT. Ka loda masa direbobi daga sabuwar kwamfuta ta na'urar karanta kati, ka dawo ka zura. Ta wannan hanyar kuma fayilolin da suka maƙale za su fita. Mai rubutun Rabi'at ya tuna ya kwafi fayil ɗin haruffan daga jakar Fonts, in ba haka ba ƙugiyoyin za su rikiɗe su koma wasu alamomi a sabuwar kwamfuta. Ni da zarar na sami wannan ƙofa, abin da nake fara yi shi ne kwafe jakar WIN98 ta faifan CD gaba ɗaya zuwa cikin laftof ɗin, domin duk katin da ka sa sai Windows ta ce a kawo mata faifanta.

Wani zai ce, ga USB, me ya kai mu wannan zagaye? Windows 98 ta san ƙofar, amma ba ta zo da direban filashi na bai-ɗaya ba. Sai a Windows Me da 2000 aka sa shi. Akwai wani ƙunshi da masu sha'awa suka haɗa mai suna NUSB da yake cike wannan giɓi a bugu na biyu na Windows 98, wanda ya fito a 1999, shi ma ta CompactFlash zai shiga. Ƙofar kanta USB 1.1 ce, megabit 12 a daƙiƙa, inda USB 2.0 take 480. Ana samun katin CardBus mai ƙofofin USB 2.0, kuma ni na fi natsuwa da masu ƙwaƙwalwar NEC. Sai dai ramin kati ba ya ba da wuta mai yawa. Filashi zai yi aiki, faifan ajiya na waje kuwa sai ya yi ta ƙyas-ƙyas bai tashi ba, har sai an jona wa katin 'yar wayar ƙarin wuta a hujin da aka tanada a jikinsa.

Akwai kuma ranar da direba ya hau daidai, amma ka leƙa Device Manager ka tarar da alamar motsin rai ruwan ɗorawa a kan katin. Mafi yawa rikicin IRQ ne. Kwamfutocin wancan zamani layuka 16 kacal gare su, daga 0 zuwa 15, da na'urori suke jan hankalin ƙwaƙwalwa da su, kuma an riga an rabe yawancinsu: 1 na allon rubutu, 6 na fulofi, 7 na firinta, 12 na linzami, 14 na faifan ciki, 3 da 4 na ƙofofin siriyal. A 600E ga modem na ciki, ga idon infrared, ga sauti, kowa da nasa. Maganin shi ne a kashe abin da ba a amfani da shi. Wa yake buga intanet ta layin tarho yau? A shiga manhajar saiti ta ThinkPad a kashe modem ɗin da infrared, sai layi ya samu. Ta nan ɗin dai ake kunna ƙofar siriyal, wadda sau da yawa a kashe take, mutum ya yi ta zargin waya a banza. Masu DOS da Windows 3.1 kuwa nasu ya fi wuya, domin sai an loda wasu manhajoji guda biyu, Socket Services da Card Services, kafin a ma san akwai rami, su kuma suna cin rabo mai tsoka daga kilobayit 640 ɗin da DOS take taƙama da shi.

Katin wayar sadarwa, irin 3C589 na 3Com, ƙarfe ne mai jure wahala, kuma direbansa ba ya wuyar samu. Matsalarsa jela. Katin ya fi soket ɗin waya siranta, don haka aka yi masa 'yar gajeriyar waya mai laƙawa a baki, kuma kowane kamfani da irin tasa. Ko bakin ya yi daidai, ta wani ba lallai ta yi wa wani aiki ba. In ka ci karo da katin a tarkacen 'yan gwangwan ko a shagunan titin Beirut a Kano, kada ka biya ko sisi sai ka ga jelarsa. Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne RealPort na Xircom, mai kaurin nan da soket ɗin yake a jikinsa, ko masu XJACK da ake dannawa ɗan soket ya fito.

Wi-Fi kuwa, a ganina kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Katunan farko irin Orinoco na Lucent suna gudun megabit 11, kuma makullin da suka sani shi ne WEP, wanda aka daɗe da fasawa. Wayarka da rawutar gidanka da WPA2 suke kulle, tsarin da ya zo a 2004, don haka katin zai hango sunan layin amma ba zai shiga ba. Cire wa layin gida makulli saboda tsohuwar laftof ganganci ne. Abin da nake yi shi ne in sa 'yar ƙaramar rawuta ta kama Wi-Fi ɗin, ita kuma ta miƙa wa laftof ta waya. Ko da hakan, Internet Explorer 5 ba za ta buɗe yawancin shafukan yau ba. Amfanin haɗin bai wuce tura fayil tsakanin kwamfutocin gida ba.

Linzami mai zagayen baki, wato PS/2, a jona shi kafin a kunna kwamfuta, domin ba a yi ƙofar don cirewa da sawa ana cikin aiki ba. Koriyar adaftar nan da take mayar da USB zuwa PS/2 kuwa ba ta fassara komai; sai in linzamin da kansa ya iya yaren biyu, kuma yawancin na kasuwa yanzu ba su iya ba. Sabuwar firinta ba za ta sami direban Windows 98 ba, don haka a fitar da fayil ɗin a buga shi a wata kwamfutar. Caja kuma a duba ta da kyau kafin a jona: 600E bolt 16 take sha, na Lenovo da suka biyo baya kuwa 20 ne.