Abin da ke sa wayar lantarki ta yi zafi

Wutar lantarki, wadda ake ce ma kuran, tana shiga garuruwa da ƙauyuka sannu-sannu. Kamfanin Nigelec, wanda aka kafa a 1968, shi ke jawo ta har ƙofar gida, ya kafa kwantar. Daga kwantar zuwa cikin ɗakuna kuwa, aikin mai gida ne. Nan ne gobara takan tashi.

Waya kamar hanyar ruwa ce a garka. In an sako ma ƙaramar hanya ruwa mai yawa, sai ta ɓalle. Ita siririyar waya zafi take yi. Robar jikinta ta narke, wayoyi biyu su haɗu, tartsatsi ya tashi. In rufin ɗakin na kara ne, shi ke nan.

Ana auna wutar da ke bin waya da amper. Abin da kowane kaya ke ci an rubuta shi a jikinsa, da wat. Ƙarfin wutar gida bolt 220 ne. In an raba wat da 220, sai a samu amper. Dutsen guga mai wat 1000 yana jan kusan amper 5. Ƙwan fitila mai wat 10 kuwa, sai an tara 100 kafin su kai dutsen guga ɗaya. Ke nan duk abin da ke yin zafi, kamar dutsen guga da abin dafa ruwa, shi ke cin wuta ƙwarai.

Saboda haka waya iri-iri ce. Mai lamba 1,5 ta fitilu ce, kada ta wuce amper 10. Mai lamba 2,5 ta wurin jona kaya ce, tana ɗaukar amper 16. Siririyar wayar rediyo tana da araha a kasuwa, amma ba ta wannan aiki ba ce.

Wurin haɗi ma abin lura ne. Wasu sukan murɗe wayoyi biyu, su naɗe da leda. Haɗin da bai kamu ba yana zafi ko kayan ba su da yawa. Gwanin aiki da domino yake haɗawa, ya ɗaure da sukurdireba.

Akwai mai gadin waya, wato fizibil ko disjonkter. In wuta ta yi yawa, shi ke yanke ta kafin waya ta ƙone. Wani mai gida, in fizibil ya ƙone, sai ya cusa ƙusa ko guntun ƙarfe a wurinsa. Wuta ta dawo, amma ya kori mai gadi. Abin da ya kamata, a rage kaya, a sa sabon fizibil mai lamba daidai da tsohon.

In an ji ƙaurin roba a ɗaki, sai a yanke wuta tun daga kwantar. Ba a zuba ma waya ruwa, don ruwa yana ɗaukar kuran zuwa jikin mutum. Busasshen rairayi ake watsawa. Kada a mayar da wutar sai mai gyaran lantarki ya duba.