Dokokin Cajin Motar Lantarki a Ingila

Na'urar cajin mota da ake girkawa a gida tana jan wuta kimanin kilowat 7, wato fiye da abin da butocin lantarki biyu na tafasa ruwa ke ja tare, kuma takan shafe sa'o'i tana aiki ba hutawa. Saboda haka hukumomin Birtaniya ba su ɗauki girka ta a matsayin sha'anin mai gida shi kaɗai ba, tun da layin wuta da taransifomar unguwa na kowa da kowa ne. Wajibi ne ma'aikacin da ya girka ta ya sanar da kamfanin rarraba wutar yankin, idan kuwa nauyin da gidan zai ɗora wa layin ya yi yawa, sai an nemi izini tun kafin a taɓa waya.

Daga ranar 30 ga Yuni, 2022, duk na'urar gida da aka sayar dole ta zo a saite ta yadda ba za ta yi caji a lokutan da aka fi jan wuta ba, wato daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe da kuma 4 na yamma zuwa 10 na dare a ranakun aiki, kodayake mai ita yana da damar canza saitin. An kuma sa mata jinkirin da kan kai minti 10 kafin ta fara, wanda ya bambanta daga gida zuwa gida, don kada dubban motoci su afka wa layi a lokaci guda. Wannan dabara ce mai kyau, domin tana tsare wutar jama'a ba tare da mai mota ya ji a jikinsa ba. A watan Yunin ne kuma dokar gini ta Ingila ta wajabta sa na'urar caji a kowane sabon gida mai wurin ajiye mota.

Inda gizo ke saƙar shi ne gidajen da ƙofarsu ke bakin titi, marasa fili. Hanyar masu tafiya a ƙasa tana hannun ƙaramar hukuma, kuma wayar da aka shimfiɗa a kanta daga taga zuwa mota tana iya kayar da makaho ko ta tare mai keken guragu, shi ya sa wasu hukumomin ke hanawa, wasu kuwa, irin na Oxford, suka gwada tsaga siririyar kwata a cikin daɓen, a tura wayar ciki har ta daidaita da ƙasa. Wanda hukumarsa ba ta yarda da wannan ba sai ya nufi wurin cajin jama'a, inda aka daɗe ana karɓar harajin kashi 20 cikin ɗari, alhali wutar gida kashi 5 ake ɗora mata. Wata doka ta 2023 ta tilasta wa masu waɗannan wurare su bayyana farashi a fili, su kuma karɓi katin banki a manyan na'urori, amma ba ta taɓa wannan bambancin haraji ba, wanda yawanci ɗan haya da mai ƙaramin ƙarfi ne ke biyansa.