Gawo a Gona, Zogale a Tsakar Gida: Matsayin Itace a Ƙasar Moriki

Arewacin Jihar Zamfara, tun daga Ƙaura Namoda zuwa Moriki, Zurmi da Shinkafi, yanki ne mai gajeriyar damina da dogon rani, kuma da yake yana maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar, yana cikin wuraren da ake fargabar gurgusowar hamada, wato lalacewar ƙasar noma sakamakon ƙarancin ruwa, zaizayar iska da sare itatuwa. Wannan ne ya sa aka sanya Zamfara cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke cikin shirin katangar itatuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007.

Sai dai tun kafin zuwan kowane shiri, manomin wannan yanki ya san darajar gawo, itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa a ɗabi'a, domin da damina yake kakkaɓe ganyensa, don haka inuwarsa ba ta danne gero ko dawa, sa'annan ya yi toho da rani, lokacin da dabbobi ke neman abin kaiwa baki, su taru a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna zubar da taki. Saiwarsa ma tana ƙara wa ƙasa sinadarin nitrojin, wanda shi ne manomi ke nema idan ya sayi takin yuriya. A yankin Maraɗi, wanda yake tsallaken iyaka kaɗan, manoma sun gina kan wannan sani tun daga shekarun 1980 ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon da ke fitowa daga kututture, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a rene su, a datse sauran. An ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma ta fi dashen biki da ake yi gaban manyan baƙi, wanda akasarin irinsa ke bushewa kafin bazara, tun da kututture yana da tsohuwar saiwa da ta riga ta kai ga danshi.

A cikin gari kuwa, salo yana sauyawa. Tsohon gidan Bahaushe ba ya rasa zogale ko lalle a bayan ɗaki, da darbejiya ko durumi a ƙofar gida inda dattawa ke zama, amma sababbin gidaje sun karkata ga shafe tsakar gida da siminti da jera furannin kallo masu shan ruwa, alhali simintin yana riƙe zafi har dare, yana kuma hana ruwan sama nutsewa. Lambunan fadamar kogunan Gagare da Bunsuru su ma sun sauya, inda injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo.

Matsalar tsaro, wadda ta hana manoma da dama isa gonakinsu na nesa, ta ƙara fito da amfanin lambun gida, domin ruwan wanke-wanke marar sabulu da yawa ya isa ya rayar da zogale da gwanda, tokar murhu da kashin awaki kuma su wadatar da su taki. Ya kamata duk mai shirin gini a Moriki ko Shinkafi ya ware wa itace gurbinsa tun kafin magini ya ja igiya.