Ɗaga murya a wa'azin coci: ina iyakarsa?

Duk wanda ya ratsa unguwannin Jos ko Kafanchan ko Sabon Garin Kano ranar Lahadi da hantsi, kunnensa zai shaida masa cewa wa'azi a majami'u da yawa ya koma gasar maƙogwaro. Ga makirufo a hannu, ga manyan lasifikoki a kowace kusurwa, amma mai wa'azi yana magana kamar wanda yake kiran mutum daga ƙetaren kogi. Ƙorafin maƙwabta sananne ne, kuma masallatai ma ba su tsira daga irinsa ba. Abin da ya fi damuna a nan shi ne asarar da saƙon kansa yake yi, musamman idan da Hausa ake wa'azin.

Ɗaga murya yana da asali, domin magabata ba su da na'ura. Lokacin da George Whitefield ya yi wa'azi a fili a birnin Filadelfiya ta Amurka a 1739, Benjamin Franklin ya yi ta ja da baya yana auna inda muryar ke kaiwa, har ya ƙiyasta cewa mutum fiye da 30,000 za su iya jin sa. Charles Spurgeon ma ya yi wa taron mutum sama da 23,000 wa'azi a Landan a 1857 da muryarsa kawai. Larura ce ta sa su, kuma Spurgeon ɗin nan da kansa ya gargaɗi ɗalibansa game da ihu marar dalili. To, larurar ta kau, amma al'adar ta zauna, har wasu suka ɗauka cewa ƙarfin murya shi ne alamar ikon Ruhu.

A nan ne nazarin harshe yake da abin faɗa. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Kalmar "gari" tana iya zama birni ko garin tuwo, "kuka" tana iya zama bishiya ko zubar da hawaye; baki ne yake rarrabewa. Misalin da ya fi shafar mumbari shi ne "Allah ya gafarta mana". Idan aka ja wasalin "ya" da karin sama, labari ne ake bayarwa cewa an riga an yi gafarar. Idan aka gajarta shi da karin ƙasa, roƙo ne ake yi. Tsakanin bishara da addu'a ke nan, kuma gaɓa ɗaya tak ta raba su. Mai ihu kuwa muryarsa tana hayewa can ƙololuwa, inda sararin hawa da sauka yake ƙuntata, wasula kuma su miƙe duka, dogo da gajere su yi kama. Idan aka haɗa da lasifikar da aka ƙure har tana karkarwa, sai "ɓ" da "b", "ƙ" da "k" su ma su cakuɗe.

Kada a manta da su wane ne ke zaune a kan bencin. A majami'un ECWA da COCIN da EYN, inda Hausa ta daɗe tana zama harshen sujada (cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932), masu sauraro da yawa Hausa harshensu na biyu ne ko na uku. Bahaushe yana iya cike giɓi da zato. Tsohuwa 'yar Berom ko Bura da ta koyi Hausa a kasuwa tana bukatar ta ji kowace gaɓa.

Ba ina cewa a yi wa'azi kamar ana karanta sanarwar rediyo ba. Augustine, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya kasa salon mai wa'azi gida uku a littafin da ya kammala wajen shekarar 426: salo mai sanyi don koyarwa, matsakaici don yabo, mai zafi don motsa zuciya zuwa aiki. Ya kuma ba da shawarar a riƙa sassauya su, domin kunne yana gajiya. Wanda ya fara da tsawa tun daga gaisuwa, da me zai nuna wa jama'a cewa ya iso ga zuciyar magana? Shi kansa Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa sura ta 14, ya fifita 'yan kalmomi kaɗan da ake fahimta a kan dubbai da ba a ganewa.

Akwai kuma lafiya. Masana sun sa iyakar ƙarar da kunne zai jure a wurin aiki a kan disibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin disibel uku yana rage lokacin da rabi. Jaririn da ke goye kusa da lasifika ba shi da bakin cewa a rage.

Ya kamata makarantun tauhidi irin na Bukuru da Kagoro su ɗauki sarrafa murya da karatun Hausa a bayyane a matsayin darasi mai jarrabawa, dattawan ikilisiya kuma su ba mai kula da na'ura ikon rage ƙara ko da babban baƙo ne yake kan mumbari.